Gaisuwa Bakwai a Zauren Misbahu

Mu uku ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna: Yaya Jibirin, Yaya Misbahu, sai ni Ummu Hani, autar da aka bar wa aikin sasanta manya. Yaya Jibirin yana Faru inda aka haife mu, yana noman gonar Baba, kuma yana cikin dattawan jam'iyya da ake danƙa wa rabon kaya idan an aiko. Ni aure ya kai ni Damri, ina koyarwa a firamare. Yaya Misbahu shi ne ɗan birninmu. Yana Talata Mafara, shekara goma sha tara yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare, kuma a ganinsa ya daɗe da gano abin da ke damun Najeriya. Abin da ya rage kawai a zo a tambaye shi, to har yau ba a zo ba.

Kafin a gane Yaya Misbahu sai an san mahaifinmu, Malam Bawa, Allah ya ji ƙansa. Baba bai bar mana shanu ba, gaisuwa ya bar mana. Bakwai ce, kuma a jere take, ba a tsallake ko ɗaya. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka yi sallama. Sai ina kwana ko ina wuni, sai ina gajiya, sai ina gida, sai ina ruwa ko sanyi ko zafi gwargwadon lokaci, sai ina aiki. Ta bakwai ita ce tasa ta kansa, wadda ban cika jin ta a bakin wasu ba: "Ina haƙuri da mu?" Wanda aka gaisar kuma ya amsa, "Ku ka haƙuri da mu." Tsakanin kowace gaisuwa da mai bi mata sai an ɗan yi shiru, don Baba ya ce wanda ya jero su da sauri ba gaisuwa ya yi ba, ƙirga ya yi. Ko gobara ka zo faɗa masa, sai ka gama bakwai ɗin nan.

Yaya Misbahu ya sayi laftof ɗinsa ne a hannun wani ɗan bautar ƙasa da zai koma garinsu. Tsohuwa ce, batirinta ba ya kai awa guda, zafi kuwa matarsa Barira ta ce ana iya gasa masara a kanta. Mai sayarwar ya bar masa darussan gina shafin intanet a ciki, kyauta. Bai fi mako biyu da sayenta ba aka katse sabis a Zamfara baki ɗaya. Mutane suna bin mota zuwa wata jiha don su kira 'yan'uwansu, shi kuwa yayana yana zaune a kan tabarma yana koyon gina gida a intanet ɗin da babu shi. Ya ce mini harsunan aikin uku ne, ɗaya na gini, ɗaya na fenti, ɗaya na motsi. Na motsin, wai shi Jabaskirif, shi ya fi shiga ransa, kuma shi ya ja mana abin da ya ja mana.

Abin da ya fara yi shafi ne mai jan rubutu yana ƙyaftawa, "Sannu Najeriya". Daga nan hannu ya faɗa. Ya yi wani mai suna Aikin Hanya, wani koren layi ne da yake cika a hankali, sai ya kai casa'in da tara cikin ɗari ya koma farko, a rubuto maka cewa an sake ba da kwangila. Ya yi Farashin Mai, da maɓalli biyu, ɗaya na ƙari ɗaya na ragi, kowanne ka danna sama farashin yake yi. Ni kaina na yi dariyar wannan har da hawaye, ba zan ɓoye ba. Sai kuma ya yi na taki. Farin shafi ne, ba komai a kansa sai maɓalli ɗaya da aka rubuta wa "Danna nan ka karɓi taki". Da yatsanka ya kusa da shi sai ya tsallake zuwa wata kusurwa. Ka bi shi can, ya dawo nan.

Ranar sunan Zahra'u, 'yar Yaya Jibirin, duk muka haɗu a Faru. Farkon damina ne. A makon nan aka aiko wa Yaya Jibirin buhu goma sha biyu na taki ya raba wa garin da manomansa suka fi ɗari huɗu. Da kwano ya raba, bawan Allah, kuma duk wanda bai samu ba ya tabbata a ɗakinsa sauran yake. Ban ga abin da ya faru da idona ba, ina cikin gida, maigidana ne ya ba ni labari. Bayan an raɗa suna, maza suna zaune a ƙofar gida ana cin waina, sai Yaya Misbahu ya ciro waya ya miƙa wa na kusa da shi ya ce ya danna. Waya ta yi ta zagaya tabarmi. Dattawa masu furfura suna bin maɓalli da yatsa suna ƙyaƙyata dariya. Wani ya ce, "Wanga ai Jibirin na." Kafin azahar Yaya Jibirin ya samu sabon suna, Danna-nan, kuma har 'yan kabu-kabun Maradun da shi suka san shi.

Yaya Misbahu ya rantse mini da Abuja yake, ba da ɗan'uwansa ba. Na yarda da shi. Matsalarsa kenan tun yana yaro, yana hango na nesa sarai, na gabansa ne ba ya gani.

Washegari da safe ya je yi wa Yaya Jibirin ban kwana. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi sallama, aka amsa. Ya ce ina kwana. Shiru. Ya jira, shirun ya wuce na Baba, ya wuce na kowa. Sai ya tashi ya sa takalminsa ya hau babur. Tun daga ranar suka tsaya a gaisuwa ta ɗaya. Duk su biyun sun san hukuncin gaba, saboda haka idan sun haɗu a wurin Sallah ko jana'iza ɗaya zai yi sallama, ɗaya ya amsa, kowa ya kama gabansa. In ka yi magana su ce ai ba gaba suke ba, ba ga sallama nan tana shiga tsakaninsu ba? Na yi kuka, na yi faɗa, na turo musu kawunmu, duk a banza. A gidan Malam Bawa a tsaya a sallama, wannan ya fi zagi ciwo, kuma sun sani.

Bayan zaɓe Yaya Misbahu ya ga lokaci ya yi da ƙasa za ta amfana da shi. Ya tattara wasanninsa da sharhinsa ya ɗora a intanet, ya sa wa shafin suna Zauren Misbahu. Kowace Alhamis sai ya saki sabon rubutu: cire tallafin mai, canjin kuɗi, tsaro, magudanan ruwan Bakolori, har da yadda ya kamata a gyara tsarin mulki, a sakin layi shida. Amma da yake ɗan Malam Bawa ne, ya ce ba a faɗa wa baƙo magana ba gaisuwa. Duk wanda ya buɗe shafin, sallama ce za ta fara tarbarsa, da maɓallin amsawa a ƙasa. Ka danna, a yi shiru na ɗan lokaci, sai ta biyu ta fito. Shafin yana duba agogo ya san ko kwana zai tambaya ko wuni, yana duba wata ya san ko ruwa ne ko sanyi. Wata guda ya yi yana wannan aikin, kuma ya fi alfahari da shi a kan takardar digirinsa. Babu hanyar tsallakewa. Sai ka amsa bakwai cif, kusan minti biyu, sannan a buɗe maka sharhin.

Ya kuma saka wani abin ƙirga baƙi da ya samu kyauta, ya raɗa masa suna Mai-gadi. Shi yake faɗa masa mutum nawa suka shigo, daga wane gari, kuma a ina suka tsaya. Labarin Mai-gadi ba daɗi. Mutum ɗari su amsa sallama, arba'in su amsa ina wuni, a wajen ina gajiya sai gajiyar ta kama su da gaske. Waye zai ƙona datarsa yana gaya wa waya lafiyar iyalinsa? Ni kaina, 'yar gidan, a ina aiki nake tsayawa.

Amma akwai mutum ɗaya. Kowace Juma'a wajen la'asar sai ya shigo, ya amsa bakwai ɗin nan ba gaggawa, ya zauna a kan rubutu rabin awa. Mai-gadi kuma ya ce daga Abuja yake.

"Ummu, wanga ba ƙaramin mutum ba na," in ji Yaya Misbahu ranar da ya nuna mini. "Duba lokacin da shika shigowa. An sauko masallaci, an ci abinci, an sallami 'yan maula. Manya kaɗai ka da irin wanga lokaci."

"Ko dai mai gadin wani ohis na, Yaya?"

"Mai gadi ba ya rabin awa bisa tsarin mulki."

Daga nan salon rubutunsa ya canza. Ya koma buɗewa da "Ya mai girma da ke bibiyar mu daga babban birni". Barira ta ce sai ya sa hula yake zama gaban laftof. Da aka cike wani rami a hanyar makarantarsu mako biyu bayan ya yi rubutu a kai, ya yi kwana uku ba a iya magana da shi, ko da yake kowa ya ga direbobin tasha ne suka zuba jar ƙasa da kansu. Shekara biyu ya yi yana ba Abuja shawara, ba ta taɓa amsawa ba, shi kuma ya ce haka manya suke.

Bara da kaka na je Faru ranar Alhamis. Hanyarmu yanzu ba a bin ta da yamma, sai na kwana biyu. Ranar Juma'a bayan an sauko na so in kira maigidana, a Faru kuwa sabis wuri ɗaya yake zama, a kan tudun da ke bayan gari, gindin wata tsamiya. Ina hawa sai na hango mutum zaune ya ba ni baya, takalminsa a gefe, ya miƙa waya nesa da fuskarsa irin ta wanda ido ya fara gajiya. Yaya Jibirin ne. Na ji yana magana, na ɗauka kira yake yi.

"Lahiya lau," ya ce, ya danna. Ya yi shiru. "Babu gajiya." Ya danna. "Gida lahiya, alhamdu lillahi."

Na tsaya a bayan tsamiya kamar an dasa ni. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da murya, yadda ake amsa wa mutum. Da ya zo ta bakwai ya ƙura wa wayar ido. Sannan a hankali ya ce, "Ku ka haƙuri da mu," ya danna. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, shi ya tona ni.

Ya juyo ya haɗe rai, ya kife wayar a cinyarsa. "Mi kika nema nan?"

"Yaya, ashe kai na mutumin Abuja."

"Wace Abuja?"

Na ba shi labari. Bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. "Ni ba karatun shirmenai ka kawo ni ba," ya ce. "Rabin abin da shika rubutawa bai san kanshi ba. Mutumin da bai taɓa raba ko goro ga mutum goma ba, shi za ya gyara ƙasa. Amma an gaishe ni, Ummu. Gaisuwar Baba, a jere, ba a tsallake ko guda ba. In ƙi amsawa?"

"To ka amsa mishi baki da baki mana."

"Shi na ƙarami, shi ka zuwa. In kinka hwaɗa mishi, ban yahe ba."

Wannan kalmar a bakin babban wa ba abin wasa ba ce, sai na yi masa alkawari na kama bakina. Amma na bi ta makarantar Yaya Misbahu na tambayi Malama Amira, mai koyar da kwamfuta, a fakaice, ko waya tana iya kasancewa a ƙauye a ce tana Abuja. Ta ce sosai ma, layin waya yakan nuna inda babbar tashar kamfanin take, ba inda mai wayar yake zaune ba. Ta ce ta so ta faɗa wa Malam Misbahu tun tuni, sai ta ga hular.

Ita dai Malama Amira da kyakkyawar niyya ta ba shi shawarar da ta kusa kashe mu. Ta ce masa duniya yanzu sauri ake yi, in yana son a ji shi kafin zaɓe mai zuwa ya cire gaisuwar nan. Ya yi gardama wata biyu, sannan son a ji shi ya rinjaye shi. Ya goge aikin wata guda a minti ɗaya. Kuma gaskiyarta, masu karatu suka haura tamanin. Wasu suka ce an saye shi, wasu suka ce ɗan adawa ne, wani ya tambaye shi ko yana gyaran waya. Yaya Misbahu ya ce wannan ita ce dimokuraɗiyya.

Mutumin Juma'a ya shigo sau ɗaya bayan haka. Mai-gadi ya ce bai yi daƙiƙa goma ba ya fita, kuma bai sake dawowa ba. Yaya Misbahu ya shiga damuwa ta gaske. Ya bi labarai ya ga an yi wa wasu manya sauyin muƙami a makon, ya ce shi ke nan, an sauke mutuminsa, ƙasar nan ba ta son mai sauraron gaskiya. Har rubutu ya yi na jajantawa.

Da na koma Faru bayan Sallah ƙarama na tarar Yaya Jibirin ya rame. Hawan jini ya kwantar da shi mako biyu, ya hana a gaya mana. 'Yan jam'iyyar ma sun daina zuwa ƙofar gidansa, an samu sababbin dattawa. Muna zaune a tsakar gida, ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Ɗan'uwanki yanzu ko sallama bai yi. Kana buɗewa sai dai ka ji shi tsakar ɗaki shina hwaɗa." Bai ƙara ba. A ranar tsoro ya kama ni sosai. Na ga yadda za a yi ɗaya ya bi gawar ɗaya zuwa maƙabarta, ba abin da ke tsakaninsu sai sallama, ni kuma ina riƙe da maganar da za ta hana haka, na rufe ta saboda alkawari.

Na yi tunani na ga alkawarin da na ɗauka shi ne ba zan faɗa ba. Ban yi alkawarin ba zan hau tudu ba.

Ranar Juma'a da la'asar na hau, na zauna gindin tsamiya, na buɗe Zauren Misbahu a wayata, layinmu ɗaya da Yaya Jibirin. Na daure na karanta rubutu guda har ƙarshe, kan rabon arzikin ƙasa, Allah ya ba ni lada. Sannan na kira Yaya Misbahu na ce ya duba Mai-gadi. Na ji ƙarar buɗe laftof, na ji numfashinsa ya canza.

"Ya komo, Ummu. Daga Abuja, yanzun nan. Ashe ba a sauke shi ba."

"Ni ta, Yaya. Ina Faru, bisa tudun tsamiya."

"Faru? To mi ya sa anka rubuta Abuja?"

"Tambayi Malama Amira. Dut wanda yab buɗe nan da layin ga, Abuja shika nunawa."

"To in haka na, wa ka shigowa dut shekarun ga?"

"Ni ban ce komi ba. Amma wurin da nike zaune, ƙasa ta lotsa, wani ya daɗe shina zama nan. Kai dai ka yi tunani, cikin Najeriya duka, mutum nawa ka iya amsa gaisuwa bakwai ba su gaji ba?"

Mutumin da yake da magana a kan kowace matsala ta ƙasa, ranar ban ji komai daga gare shi ba sai wani sauti kamar na mai mura. Sai ya kashe wayar.

Washegari da hantsi na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Na leƙa ta jikin asabari. Yaya Jibirin yana kishingiɗe a zaure. Yaya Misbahu ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shigo, ya durƙusa, gwiwarsa har tana ƙara, don shi ma ba yaro ba ne yanzu. Ya yi sallama, aka amsa. Ya ce ina kwana.

"Lahiya lau," in ji Yaya Jibirin.

Suka bi su a jere, da shirun Baba a tsakani, ba wanda ya dubi wani. Gajiya, gida, zafi, aiki. Sai Yaya Misbahu ya zo ta bakwai.

"Ina haƙuri da mu, Yaya?"

Yaya Jibirin ya tashi zaune. Ya dubi ƙanensa, karo na farko a shekara uku da wani abu, ya ce, "Ku ka haƙuri da mu." Sai ya gyara hularsa, ya yi gyaran murya, kamar wanda ya ji kunyar abin da ya fito daga bakinsa. "Abin nan naka na taki, hal yanzu shina gudu?"

"Za ni goge shi, Yaya. Yau ɗin ga."

"Bar shi," in ji Yaya Jibirin. "Bana ni ma na danna, ban samu ba."

A makon Yaya Misbahu ya mayar da gaisuwar bakwai a shafinsa. Masu karatu tamanin suka watse kamar ba a taɓa yin su ba, aka koma mutum ɗaya, ranar Juma'a da la'asar. Mai-gadi har gobe Abuja yake cewa. Sharhin bai canza ba, Najeriya ma ba ta canza ba, Yaya Jibirin kuma yana nan a kan bakansa cewa shirme ne. Abin da aka cire kawai shi ne "Ya mai girma". Yanzu kowane rubutu da "Yaya" yake farawa.